Matafiyin Hajj Yusuf

Duk Juma'a, kafin masallaci, Shitu yakan fito da harami daga akwatin ƙarfe ya shanya a igiya. Na mahaifinsa ne, wanda ya baro Haɗeja da niyyar Makka, ya ƙare a gonakin audugar Jazira.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a unguwar Hajj Yusuf. Gyaran lagireton mota yake yi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, kuma ya iya aikinsa. Amma ɗakinsa bai taɓa ganin siminti ba, ƙofar gidansa ko dogon yaro babu. In an yi magana sai ya ce, "Mu fa a hanya muke."

A shekarun da sojoji suka mai da sukari sai da katin rabo, 'yarsa Ni'mat ta ci jarrabawar shiga jami'a. Aka ce ta kawo jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ba a ba 'ya sai uba na da tasa, shi kuwa bai taɓa nema ba.

"Baba, hotuna huɗu ne kawai da shaidu," in ji ta.

"Matafiyi na yankar takardar zama? Sai Allah ya ce mun fasa."

Na ce masa, "Shitu, ni zan tsaya maka shaida. Mu je Lahadi."

Mun je. Muna layi, wani jami'i ya tambayi dattijon da ke gabanmu inda aka haifi kakansa, ya sa shi ya maimaita sau uku, mutane na dariya. Shitu ya ce ya bar wuta a gareji. Muka dawo.

Bayan nan, wani mako zafi ya yi yawa, wani mako motoci sun taru. Matarsa Sittana ta daina tuna masa. Aka rufe ɗaukar ɗalibai, wata shekara ma aka rufe. Ni'mat ta sayi murhu da kofuna, tana sai da shayi a kasuwar Umdurman. Shitu yakan ce gara haka, jami'a na ɓata tarbiyya.

Ya rasu da rani, bayan la'asar. Rana ta riga ta cinye haramin, bai yiwu a yi likkafani da shi ba. A ƙarƙashinsa, cikin akwatin, Sittana ta sami ambulan: hotuna huɗu da takardar neman jinsiyya. Ya rubuta sunansa da na mahaifinsa. Layi na uku, na kaka da inda aka haife shi, babu komai.