Cindo da Tukunyar Furera

Idan aka ce in lissafa mutanen kirki na 'yar majami'armu ta Mayahi, ko da wasa ba zan sa sunan Cindo ba. Mutum ne da ƙafarsa ta san lokacin kwashe tuwon kowane gida. An haife shi a Issawane da yatsu shida a hannun dama, mu kuwa mata muka ce an ƙara masa ɗaya ne saboda loma. Ya yi kiwo, awakin suka watse. Ya yi turin amalanke, ya ce bayansa na ciwo. Matarsa ta gaji ta koma gidansu. Baftismar da ya karɓa ma, har yau ina zargin shinkafar Kirsimeti ce ta jawo shi.

Ni ke riƙe da makullin rumbun majami'a, don haka na fi kowa ganin fuskarsa. Na sha ce wa Fasto Ishaƙu ya tsawata masa, sai ya ce, "Mama Safa, Ubangiji ba ya jiran mutum shi gyaru kahin shi ba shi aiki." Na ce to, aikin cin tuwo dai an samu gwani.

Wata shekara damina ta yi tsaka, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A irin wannan lokaci, gidan da babu abinci sai a ɗora ruwa zalla a murhu da yamma, hayaƙi ya tashi, maƙwabta su ɗauka girki ake yi. Bayan majami'a akwai Furera, tsohuwa Musulma, 'yar gidan da aka sani da manyan rumbuna a da. 'Ya'yanta sun tafi cirani, shiru. Hayaƙinta bai taɓa fashi ba, saboda haka ba wanda ya damu.

Sai ga Cindo wajen fasto. Kada ku ce tausayi ya kawo shi, ƙara ya kawo. "Fasto, tsohuwar ga ta cuce ni. Na bi hayaƙi na yi sallama na zamna, ashe ruwa na cikin tukunya. Kuma ba yau ta hwara ba."

Washegari na kai wa Furera tiyar gero. Idanunta sun faɗa, muryarta da kyar take fita, amma ta sa mini albarka ta ce in kai wa mabuƙata. Na gane matar nan ta gwammace a fitar da gawarta da a ce ta karɓi sadaka.

Fasto ya ce in riƙa auna wa Cindo geron. Na ce ai wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Na auna ina tsaki, kuma na bi bayansa in ga inda zai sayar.

Gidan Furera ya shiga. Na ji shi ta bayan darni, da muryar roƙon nan tasa mai ban haushi: "Inna, kin san ba ni da mata. Ga ɗan hatsi na samu, ki taimake ni ki tuƙa mani." Ta yi masa faɗa son ranta, sannan ta jawo turmi. Da tuwo ya sauka ya yi loma kaɗan, ya ture kwanon ya ce miyar ba daddawa, ya fita. Haka ya riƙa yi kullum. Shi da bai taɓa barin ko ƙanzo ba, sai ga shi yana ƙara ɗaure mazagin wando.

Unguwa ta ɗauka: marar kunyar nan har tsohuwa bai ƙyale ba. Furera da kanta, da ta samu ƙarfin zuwa rijiya, takan ce, "Wanga Kirista ya ishe ni, kullum sai na tuƙa mashi, ga raini." Ko ta gane ko ba ta gane ba, ita ta sani.

Dattawan majami'a suka ce ya zubar mana da mutunci a idon maƙwabta, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi, sai ya daina. Fasto ya so ya bayyana musu gaskiya. Cindo ya hana shi, ya ce, "Dattawa na da mata, mata na zuwa rijiya. Ran da tsohuwar ga ta ji, ba ta ƙara ci."

Ran Lahadi aka zagaya da gurasar da na gasa da hannuna. Mai faranti ya zo daidai bencin baya inda Cindo ke zaune, ya tsallake shi. Cindo ya bi farantin da ido har ya wuce, ya haɗiye yawu. Ta bayan katanga ana jin Furera tana daka.