Rabon Gonar Maccido

Shekara arba'in Ɗalha ya yi yana rabon gonakin gado a Gehuru da igiya. Allonsa bai wuce izu biyar ba, amma in an yi rasuwa, liman ne ke faɗin kason kowa, shi kuma Ɗalha ya shiga gona ya fitar da shi. Har Aliero da ƙauyukan Maiyama ana aiko masa da babur. Ya san inda ruwa ke kwana da inda ƙasa ke cin iri ta hana amfani. Aibinsa ɗaya, raini. A wurinsa duk wanda ya yi karatu a kan kujera bai san komai ba, kuma ba ya ɓoye wannan.

To, sai ga wata jami'a ta turo masa ɗalibi. Ridwan ne sunansa, ɗan Sabon Garin Jega, yana digiri na biyu a ilimin addinin Musulunci. Tsarinsu ne kowa ya je ya zauna wata uku da masu aikin a aikace, ya ga yadda abin da ke littafi yake a ƙasa. Ya iso da farar shadda da takalmi sau-ciki, zai shiga fadama. Ɗalha ya dube shi sama da ƙasa, ya yi tsaki. Gaskiya yaron ma bai taimaki kansa ba: kwana uku yana yi wa dattijo bayanin ayoyin gado, bai taɓa tambayarsa amfanin ƙullin da ke jikin igiyar ba.

Ana haka rabon gonar marigayi Maccido ya taso. 'Ya'ya uku ya bari, Haliru da Sagir da ƙanwarsu Luba, wadda ta dawo daga Maiyama da marayu huɗu bayan mijinta ya rasu. Gonar doguwa ce, ƙafarta a bakin rafi inda ake noman albasar rani, kanta kuma a kan fako mai tsakuwa. In Luba ta samu bakin ruwa, ta samu abin ciyar da 'ya'yanta. Duk wanda ya san aikin ya san a tsaye ake tsaga irin wannan gona, kowa ya taɓa ruwa ya taɓa tudu.

Ridwan ya roƙi mai gari a bar shi ya gwada. Ya zagaya gonar yana awo da wayarsa, ya raba ta biyar, biyu-biyu ga maza, ɗaya ga mace. Lissafinsa ko liman bai ga kuskure a ciki ba. Sai dai a kwance ya yanka ta, don yankunan su fito tsaf a zane. Ya bi shekaru: babba a ƙasa, mai bi masa a tsakiya, Luba can a kan fakon.

Ɗalha ya ga kuskuren tun da aka kafa turken farko. Daɗi ya kama shi. Ya rungume igiyarsa ya yi gum, yana jiran malamin jami'a ya gama zuba iliminsa, ya juyo ya tambaye shi, shi kuma ya kwance masa zani a gaban jama'a.

Ridwan bai juyo ba. Magadan ya tambaya.

"Mun yarda," in ji Haliru da sauri. Sagir ya ce shi ma. Su ai sun san gonar ubansu.

Luba tana tsaye gefe cikin mayafi. Ta ɗaga kai ta dubi Ɗalha, ya kawar da ido yana murmushi, domin shi a ransa lokacin bai yi ba. Sai ta ce ta yarda. Kafin Ɗalha ya buɗe baki liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, aka sa hannu a takarda. Har shi Ɗalha aka dangwala wa yatsa cikin shaidu, girman kai ya hana shi cewa uffan a lokacin.

Washegari ya je wurin Haliru a gyara. Haliru ya yi dariya ya ce, "Baba, malami mai digiri yar raba, kana tsaye. Mi za mu gyara?" Bakin alƙalami ya bushe. Ridwan kuwa ya cika wata ukunsa ya koma, aka ce rahotonsa ya samu yabo.

Da rani ya kama, Ɗalha ya je fadamar Haliru ya tarar da Luba tana dashen albasa a matsayin 'yar ƙwadago. Ya tsaya ya fara zagin 'yan boko da karatunsu na banza, yadda ya saba. Ba ta miƙe ba, ta dai bar shi ya kai aya.

"Baba Ɗalha," ta ce, "ni ban san malamin ga ba. Kai nid duba. Da nig ga ka yi shiru, nic ce daidai na."