Kejin Ƙarfe a Motar Auta

A layin masu walda Sannu-Sannu ake kiransa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai yi masa ƙazafi ba. In ka kai masa aikin ƙofa, to ka nemi labule ka rataya tukuna. Matarsa ta fi kowa shan wannan hali. Tun tana amarya abin da ta sani game da sana'arsa bai wuce riga mai hujin tartsatsi ba, da jajayen idanu, da mutumin da zai dawo ya ci abinci shiru kamar baƙo. Ta haifa masa 'ya'ya, sun aurar da manyan, amma ba ta taɓa leƙa shagonsa ba. Me za ta gani? Ƙarfe ne da ƙara.

Sai Auta ya ɗauko musu magana. Auta dai ya girma har da gemu, bakanike ne mai garejin kansa, amma a wurin uwarsa har gobe ɗan goye ne. Ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya ce zai shiga tseren da ake yi a filin bayan gari. Masu shirya tseren suka ce ba motar da za ta shiga sai da kejin ƙarfe a cikinta, wanda zai tare rufin in ta kife. Tun da uwar ta ji ana maganar kifewa abinci ya daina wuce mata.

"Malam, kai zai kawo wa aikin nan," ta ce wa mijin. "Ka ce ba za ka yi ba. In babu keji ai babu tsere."

Ya ci gaba da cin abincinsa, ita kuma ta ɗauka ya yarda. Ba a jima ba wata maƙwabciya ta tsegunta mata cewa motar Auta na shagon Malam. Ta zari mayafi ta fita, tana tafe tana shirya kalaman da za ta zazzage masa.

Abin da ta tarar ya sanyaya mata rai. An cire kujeru, an cire gilasai, an yaye shimfiɗar ƙasa da ta rufi, motar ta zama kwango. Ga wasu bututan ƙarfe a harhaɗe a ciki, ga kuma mijinta durƙushe yana huda ƙasan motar, rami bayan rami.

"Yauwa, Malam! Ashe ka ji maganata. Lalata ta kawai, kowa ya huta."

"Ba lalatawa nake ba," in ji shi. "Zauna, maman yara."

Ba ta zauna ba sai da ta faɗi rabin abin da ta zo da shi. Ya bar ta ta gama, kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "In na ƙi, wani zai yi masa. Kafin rana ta faɗi an gama, an fesa fenti, ya yi kyau a ido. Yaron nan ba zai fasa ba, kin fi ni sanin kansa. Wa kike so ya yi?"

Sai ta ja wani benci ta zauna.

Ya ƙwanƙwasa ƙasan motar da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar gwangwani. Ya ce irin wannan mota ba ta da shasi daban kamar manyan motoci, jikinta shi ne ƙashinta, kuma duk fallen ƙarfe ne siriri da aka lanƙwasa. In ka tsayar da bututu a kansa haka nan, ranar da mota ta kife bututun zai fasa ƙasan ya wuce, rufi ya sauko kan mutum. Don haka kowace ƙafar keji sai an ɗora ta kan faffaɗan ƙarfe mai kauri, an ɗinke shi da gefen motar inda ya fi ƙarfi.

"To ramukan fa?"

Ya nuna mata sama, inda bututan suka haɗu dab da rufi. Ko hannun jariri ba zai shiga tsakaninsu da rufin ba. Nan ne, in ji shi, mai gaggawa ke yin waldar gefe da ƙasa ya bar saman a buɗe, tun da ba idon da zai gani. Shi kuwa da ya gama hudar, sai ya zura ƙafafun kejin cikin ramukan, kejin gaba ɗaya ya sauka ƙasa, sarari ya buɗe a sama. Sai ya gama zagaye kowace mahaɗa zai ɗaga shi, ya tura faffaɗan ƙarfen a ƙarƙashi, ya toshe ramukan.

Ya miƙa mata baƙin gilashi ya ce ta kare idonta. Sannan dattijon nan da ke nishi in zai ɗaura takalmi ya naɗe jikinsa cikin motar, wuya a karkace, kafaɗa a matse. Wutar walda ta kama. Ta cikin gilashin komai ya ɓace, sai wani ɗigon haske da narkakken ƙarfe ke binsa. Yana jansa a hankali, a hankali, ya zagaya bayan bututun inda shi kansa da ƙyar yake gani. Da ya ɗaga, ta matso ta duba. Ita da ta tsufa a kan keken ɗinki ba ta taɓa jera zare ya yi daidai haka ba. Ya ɗauko ɗan madubi ya leƙa saman, ya ga wani huji da bai kai kan allura ba, ya goge wurin tas ya sake daga farko.

Tsigar jikinta ta tashi. Shekara da shekaru tana wanke rigunan mutumin nan tana mita, ashe wannan yake yi da ranakunsa. Ta ji girmansa ya cika mata ido, har da ɗan tsoro, kamar yau ta fara ganinsa. Ta koma gida. Tsoron da take ji wa Auta dai bai ragu ba ko kaɗan.

Ta rantse ba za ta je kallon tseren ba, amma ita ta riga kowa shiri. Suka tsaya bayan shinge, ita da Malam. Motoci suka wuce, suka sake wucewa. A wata kwana tayar Auta ta daki gefen hanya, motar ta tashi sama, ta juya, ta sake juyawa, ta faɗi a kan rufinta. Salatin da uwar ta yi ita kanta ba ta ji shi ba.

Mutane suka ruga. Kafin su isa sai ga hular kwano ta leƙo ta taga, sai kafaɗa, sai Auta ɗungurungum, yana rarrafe yana cewa, "Umma, lafiyata ƙalau! Umma, ki daina!" Ta riƙe shi tana shafa kansa, tana dukan bayansa, tana kuka.

Da ta waiga neman uban, sai ta hango ƙafafunsa kawai. Ya kwanta a ƙasa ya shige cikin kifaffiyar motar. Ranta ya ɓaci, ɗansa ya fito daga bakin mutuwa shi kuma ƙarfe ya dame shi? Ta sunkuya za ta yi magana. Rufin ya lotse ko'ina, ya zo kan bututan ya tsaya cak. Malam na bin mahaɗan nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Maman yara," ya ce, "sun riƙe mana shi."