Mijinyawa Maɗori da Ƙafar da Ya Ƙi Ɗaurewa

Shekara arba'in, in an idar da sallar asuba, Mijinyawa maɗori na zaune a zaurensa na Bodinga yana gyara karan dawa na ɗori, kwanon man shanu a gefensa. Bana hannunsa ya fara rawa, ya aje aikin. Ba wanda ya je yi masa sannu, kuma na san dalili.

Ƙafar Aliyu ce ta raba shi da mutane. Manomin albasa ne daga Horo Birni, amalanken shanu ya taka shi. Da anka kawo shi, Mijinyawa ya shafa ƙaurin a hankali, ya ce ƙashin niƙewa ya yi, akwai giɓi kamar yatsu uku. Uban Aliyu ya ce ai shi ma a zauren nan anka yi masa ɗori, ko tsufa ne ya kawo tsoro?

"Alhaji, kara riƙewa yake yi, ba ya haifar da ƙashi," in ji Mijinyawa. "In na ɗaure, ruɓewa za ta yi. Ku kai shi asibiti yau."

Sai sunka kai shi wajen wani maɗori, ya ɗaure tam. Kwana tara wari ya tashi, anka garzaya da shi asibiti. Likitoci sun ceci ransa, ƙafar kuwa anka yanke. Har yau a kasuwar Shagari cewa ake, da Mijinyawa ya karɓa tun farko, da ba a kai nan ba.

Bai yi gardama da kowa ba. Ɗiyar ƙanensa, Firdausi, tana bincike a jami'a. Daga fatar shanu take haɗa wani abu mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda za a cusa a irin wannan giɓin, ƙashi ya bi shi ya tsiro yadda wake ke bin kara, daga baya abin ya narke a jiki. Ta gaya masa gaskiya: a jikin zomaye kaɗai anka gwada. Tun lokacin, duk ranar kasuwa yana wajen mahauta yana zaɓen fata, ya kankare, ya wanke, ya saka mata a mota. Ya taɓa tambayarta ko abin zai kai ga mutum yana raye. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to, ta ci gaba.

Kai ne, Mijinyawa, wanda ya san iyakar hannunsa ya faɗa a gaban jama'a. Ka sha zagi a kan gaskiya, yau kana wanke fata domin ƙafafun da ba za ka gani ba. Mun gode, Allah ya saka maka.

Ku kuma maɗoran yanzu, in kun shafa kun ji giɓi, ku janye hannu ko da za a kira ku matsorata. Aliyu shekararsa talatin da ɗaya, kuma a zaune yake sayar da albasar wasu.