Turaren Kawu Mamman

Ku da kuka zauna a unguwar Ali Kazaure kun san Kawu Mamman tela, ƙanin mahaifiyata, ba ya fita sai da kwalbar turaren nan a aljihun kwat. Tun zamanin kuza ya saye ta a Bukuru. Turare ne mai kauri, launin zuma, ƙamshinsa kamar an buɗe tsohuwar adakar kaka. In ya taɓa riga, wanki uku ba ya fitar da shi. Na fesawa da ake yayi kuwa, cewa yake, "Ruwan famfo ne aka sa wa murfi."

Shi kansa bai taɓa shafawa ba. Ƙanwata ta roƙi ɗigo ɗaya ranar kamunta, ya ce, "Ke dai yi addu'a kada in ba ki." Muka ce rowa ce, muka yi ta dariya.

Sai wata Juma'a ya shafa wa Sule mahauci a bayan hannu. Sule ƙato, lafiyarsa ƙalau. Ranar Talata muka yi jana'izarsa. Bayan shi wani dillalin shanu, shi ma bai yi mako ba. Tabɗi! Daga nan in Kawu ya miƙa hannu, sai kowa ya tuna ƙeyarsa na ƙaiƙayi. Wani direba a tashar Kwararafa har ce masa ya yi, "Oga, sauka, mota ya lalace," alhali inji na ta ruri.

Da na tambaye shi, ya ce, "Ni ban kashe kowa ba. Gani nake tafiya ta zo, in ce bari ya ji ƙamshi da hancinsa. Ku sai mutum ya mutu kuke kwarara masa a likkafani. Asara!"

Shekarar da soja suka miƙa mulki, matata Hajara ta kwana biyu tana naƙuda. Da hantsi na ji sallamar Kawu. Na leƙo, ga kwalba a hannu, murfi a buɗe. Na tare ƙofa.

"Kawu, don girman Allah, ba gidan nan ba."

"Kauce, sakarai! Wa ya ce wajenta na zo? Hannuna ke rawa, kada in zubar. Shafa min."

Na shafa masa a wuya da gemu. Kuma wallahi murna nake yi, ni da na tashi a hannunsa. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce, "Kai! Ashe a jiki ya fi daɗi."

Hajara ta sauka lafiya da la'asar. Kawu bai ga ranar suna ba.

Kawu, ka yafe min murnar nan. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa can ta fi maka nan.