Injin Fatsata a Hannun Mai Keken Ɗinki

Yau Laraba. Gwiwa ta sassauta, tari ne bai bar ni ba. Ina laluben magani ƙarƙashin gado na taɓo tsohon injin naɗe zaren fatsata.

Farkon samun jihar Kebbi ƙanena ya aiko min shi. Na cika wa matata, marigayiya Hajara, baki cewa ta gama sayen kifi. Jifa ɗaya a gulbi, injin ya cije.

Mai agogo a Jega ya kasa. Mai rediyo a Maiyama ya tambayi inda batir ke shiga. Mai gyaran keken ɗinki a Aliero ne ya sa shi juyawa sumul.

Ya ce, "Malam, har zare na canza maka. Wancan ya yi kauri, mi za ya ɗinka?"

Kifin farko ya tsinke zaren, ya tafi da ƙugiyata. Na biya kasuwa, na shiga gida da ƙunshin kifi ina taƙama.

Hajara ta buɗe ƙunshin ta ce, "Malam, ashe gulbin yanzu har banda yake yi?"

Wa ya san mai gyara na gaskiya? Ɗana ya ce zai zo yau ya duba injin. An yi la'asar, bai zo ba.