Jibril, Ka Tafi Ba Su Saurare Ka Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2002, bayan sallar La'asar, aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran Malam Jibril Baffa a gidansa da ke Kabara. Ya rasu yana ma'aikacin da aka dakatar, da zargin taɓa makin ɗalibai a wuyansa. Saboda wannan zargin nake wannan rubutu.

Jibril, ni Saminu ne, abokin musunka. Tare muka rubuta manhajar da ke tara sakamakon jarrabawa a kwalejinmu, kuma kusan kullum sai mun yi gardama a kan kalma guda. A yaren kwamfuta na Java da muke aiki da shi, kowane ɗalibi yana da nasa akwatin bayanai. Idan mutum zai taɓa abin da ke cikin akwatin, yana iya sa kalmar "this" a gaba, wato na wannan akwatin nake nufi, ko ya bar kwamfuta ta gane da kanta. Ni ina ganin cika shafi ne kawai. Kai kuwa ko sau ɗaya ba ka taɓa tsallake ta ba, har muka laƙaba maka Malam Dis. Sai ka yi dariya ka ce, "Saminu, a unguwarmu in ka ce Binta, mata biyar ne za su waiwayo. Faɗi ta wane gida."

Ban manta lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti ba. Ka ɗauke mini aikina gaba ɗaya, kuma kowace yamma sai ka biyo ta Ƙofar Na'isa a kan tsohon babur ɗinka ka kawo mana asibiti kwanon fate daga wajen matarka, Malama Adama. Da na dawo ofis, na tarar ka cika rubutuna da "this". Na yi ta faɗa, kai kuma kana ta shan shayinka.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, aka naɗa mana sabuwar hukumar gudanarwa, ita kuma ta kawo ɗan kwangilarta wai ya gyara manhajar. Ya duba ya ce rubutun ya yi datti, ya ba da umarni ɗaya ya share kalmar daga farko har ƙarshe. A wurare da yawa babu abin da ya faru. Amma a inda ake shigar da maki, sabon makin da na cikin akwati sunansu ɗaya, kuma kalmar nan ce take raba su. Da aka cire ta, babu makin da ya shiga. Ɗalibai suka zo duba sakamako suka tarar da sifili.

Wa aka kama? Kai. Ɗan kwangila yana da uban gida, kai ba ka da kowa sai Allah. Aka ce ka riƙe maki ne don iyaye su zo su gan ka. Haba! Mutumin da ko goron ɗalibi ba ya karɓa? Na kai wa 'yan hukumar tsohon rubutun da sabon, na nuna musu layin da yatsana. Suka ce in jira kwamiti. Kwamitin bai zauna ba har hawan jini ya kwantar da kai.

Jiya na gan su a wurin zaman makoki da manyan riguna, suna cewa an yi rashin mutumin kirki. Wallahi raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwarsu, kuma ban yi nadama ba.

Allah Ya jiƙanka, Jibril, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya bi maka haƙƙinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Adama da 'yan'uwa da jama'ar Kabara, Allah Ya ba da haƙuri.

Ke kuma Saudatu 'yar Jibril, mahaifiyarki ta gaya mini kin daina zuwa kwalejin saboda abin da ake faɗa a bayanki. 'Yata, ki koma aji ranar Litinin, ki zauna a layin gaba. Mahaifinki bai taɓa makin ɗan kowa ba.